Tokare ko ƙara ɗaure sifirin: wanne ke hana ruwa kwanciya a rumfar ɗakin gefe?

Ɗan'uwa, cikin biyun da ka ambata, don hana ruwa kwanciya a rumfar tamfol ta ɗakin gefen motar zango (mota mai wurin kwana a ciki), wato ƙara ɗaure sifirin (murɗaɗɗen ƙarfen da ke jan tamfol ya naɗe a bututunsa) ko saka tokare a ƙarƙashin rumfar, ka ɗauki tokare.

Rumfar da ke kan ɗakin da ke fitowa daga gefen motar zango kusan a shimfiɗe take. Bakinta ɗaya yana cikin layin alminiyon da ke jikin mota, ɗayan yana naɗe a bututun da ke gaban ɗakin, kuma tazarar tsayinsu kaɗan ce. Ruwa bai samu gangara ba, sai ya kwanta a tsakiya. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Idan ruwa ya taru a wuri mai tsawon mita 3, faɗin santimita 60, zurfin santimita 3 kacal, ka ɗora wa tamfol ɗin kilo 54 ke nan. Abin da ya fi muni, nauyin yana jan bututun ya saki ƙarin tamfol, ramin ya ƙara zurfi, ya ƙara ɗaukar ruwa.

Tokare yana ba ruwa hanyar wucewa, shi ya sa na fi yarda da shi. Akwai filon iska da ake sayarwa don wannan aikin, akwai soso mai tauri da aka yanka da tudu a tsakiya, kuma kana iya haɗa naka da faif ɗin roba na famfo ka naɗe shi da soso. Ka tura shi tsakanin rufin ɗakin da tamfol har tsakiyar ta ɗan yi ƙusumbi, ruwa ya riƙa gangarawa gaba da baya. Ƙaramin ɗaki ɗaya ya ishe shi, dogo kuwa sai biyu ko uku, na tsakiya ya fi tudu. Bayan ruwan dare ka hau tsani ka duba: tamfol a miƙe, sai ɗigo kawai a gefensa, ganyen da a da ke jiƙewa su manne a ramin duk sun bi ruwa sun zube ƙasa.

Kada ka cika filon da iska tam, domin rana na bugunsa zai ƙara kumbura ya miƙe tamfol. Kada wani kaifi ya taɓa rufin. Sannan babban haɗarinsa mantuwa ce: ka danna maɓalli ɗakin ya shige da tokare a ciki, tamfol ya yage ko robar da ke hana yoyo ta lalace. Ka ɗaura masa igiya ta sauko inda hannu zai kai, ka manna takardar tuni a kan maɓallin.

Sifirin kuwa, yana da ranarsa idan ƙarfinsa ya ragu, tamfol na kaɗawa a iska ko ba ya naɗuwa tsaf. Zagaye ɗaya ko biyu, kada ka wuce haka, ku biyu za ku yi, kuma ka tare shi da ƙusa a ramin makullinsa kafin ka kwance komai, don idan ya ƙwace yana iya karya yatsa. Ko an ɗaure, ruwa mai ƙarfi zai kwanta, ga ƙarin wahala ga injin da ke tura ɗakin da ɗinkin bakin tamfol.

Kafin ka kashe ko sisi, ka tsaya a ƙarshen bututun ka hango tsawonsa. In ya lanƙwashe a tsakiya, abin tallafe bututu yake buƙata. In tamfol ɗin ya riga ya yi tumbi ko da a bushe yake, ya miƙe ke nan, ba ya komawa, sai canji.

A nan ne za ka yi hattara da masu sayarwa. Duk wanda ya ce maka tamfol ɗinsa ba ya tara ruwa ko yana shiga kowace mota, kuɗinka yake so. Ka auna tsohon da kanka, tsawo da faɗi, ka duba kaurin igiyar da ke bakinsa, don in ba ta yi daidai da layin ba, ko ta ƙi shiga ko ta zame. Ka tambayi nauyin tamfol ɗin da ko za a karɓa idan bai yi ba, a rubuta maka.

Ranar tashi, ka fara cire tokare, ka shigar da ɗakin kaɗan kaɗan kana tsayawa sauran ruwa ya zube, kowa ya matsa daga gefe. In dole ka naɗe shi a jiƙe, ka buɗe shi ya sha iska da zarar ka isa, kafin funfuna ta kama shi.