Lauyan da ya ƙwato min albashina a Wuse, tauraro huɗu na ba shi

Jama'a duk wanda aka riƙe wa albashi a Abuja ya karanta wannan. Ofishin ƙarami ne, a Wuse, hawa na biyu saman wani shagon fotokofi, in ba nuna maka aka yi ba sai ka wuce. Ni direba ne, na tuƙa motar wata makarantar kuɗi a Kubwa, suka sallame ni da bashin wata bakwai, kullum zancen ɗaya ne wai iyayen yara ba su biya ba, ni kuma na yi ta haƙuri ina jin nauyin mai makarantar har aka shiga shekara ta biyar.

Ina zama ko gaisawar kirki ba mu gama ba Barista ya ce "Malam yaushe ya kamata a biya ka?" Ni na zata nawa ne kuɗin zai fara tambaya. Ashe wai bashi ma yana da wa'adi a doka, a nan Abuja shekara 6 ne a kan yarjejeniya irin tawa, kuma kowane wata lissafinsa daban daga ranar da ya kamata a biya shi, in ya wuce ko gaskiyarka ta kai ina lauyan waɗanda kake bi bashin zai ce lokaci ya ƙure a kori ƙarar. Wallahi sai da na ji zufa. Ya ce masu aikin gwamnati su nasu ya fi tsanani, akwai dokar kare jami'an gwamnati mai wata 3 kacal da ake yawan jawo musu, duk da ana ta jayayya ko ta shafi albashi, shi dai shawararsa kar a yi barci.

Abin da ya ƙara min ƙarfi wata takarda ce da mai makarantar ya sa wa hannu cewa ina bin su, saura kaɗan uwargida ta kunna gawayi da ita. Barista ya ce amsa bashi a rubuce da sa hannu yana sabunta lissafin wa'adin.

Ya rubuta musu wasiƙa suka yi burus, sai ya shigar da ƙara a Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da ke Garki, nan fa jikinsu ya yi sanyi suka nemi sulhu, aka raba kuɗin kashi biyu aka biya ni.

Inda na rage tauraro ɗaya: mutumin nan ba ya ɗaga waya, sai ka kira sau goma, kuma takardu duk Turanci zalla, sakatariyarsa ce ’yar Jos ke fassara min, Allah ya saka mata. Kuɗin ganin lauya dubu 10 na biya, ya kuma ɗauki kasonsa a abin da aka ƙwato, wannan tun farko mun rubuta shi. In za ka je ka tafi da takardar ɗaukar aiki da sitatimen na banki, kuma ka je da sassafe kafin ya fita kotu.