Wata takwas da injin tace ruwa a gidana, ga abin da mai sayarwa bai faɗa min ba

Duk wanda ya taɓa zama a ƙaramin gari cikin hamada ya san maganar ruwa ba ta wasa ba ce, mu nan burtsatse ɗaya ne ke riƙe da kusan kowa, sai motar tanka da ke shigowa ranar da ta ga dama. Ruwan in ka zuba a kofi garau yake, amma kana kurɓa za ka ji wani gishiri-gishiri da ɗan ɗaci can bayan harshe, butar da muke tafasa ruwa kuwa cikinta duk ya yi farin ɓawo sai ka ce an shafe ta da farar ƙasa. Mun saba dai, shekara da shekaru muna sha. Abin da ya tada min hankali haƙoran babbar 'yata ne, sababbin da suka fito sun zo da ɗigo-ɗigon fari, biyu na gaba har sun fara yin ruwan ƙasa, muna ta yi wa yarinya faɗa wai ba ta goge baki, ashe ba laifinta ba ne. Ma'aikaciyar lafiya ce ta duba ta ce min malam wannan ai aikin ruwa ne, sinadarin fuloraid ya yi yawa a ciki.

To shi ne na je na sayo injin nan da ake kira RO, irin wanda ake sawa a ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, kusan duk ƙirarsu ɗaya ce: filta uku a gaba masu kama da gwangwani dogaye, ɗaya na tare yashi da laka, biyu na gawayi, sai ainihin zuciyar injin wato wata siririyar fata da aka naɗe a cikin bututu wadda ake matso ruwa ta cikinta da ƙarfi, ruwan ya wuce gishirin ya tsaya. Akwai ɗan famfo mai wuta da ke ƙara matsi, da ƙaramin tanki, da kan famfo siriri na daban. Mai shagon har ya ƙara min da kyautar wani abu kamar alƙalami da ake tsomawa a ruwa ya nuna lamba.

Bari in fara da alherinsa dan kar a ce na zo ɓatanci. Wallahi yana aiki. Ranar farko na tsoma alƙalamin a ruwan burtsatse ya nuna dubu ɗaya da ɗoriya, na tsoma a wanda injin ya tace bai kai 100 ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ruwan da narkakkun gishirinsa bai kai miligiram 600 a lita ba yawanci yana da daɗin sha, in ya haura 1000 kuma ya fara zama abin ƙi, to ka ga inda muke da. Ɗanɗanon ya canza gaba ɗaya, har da farko matata ta ce ruwan salam yake kamar ba ruwa ba, bayan sati biyu kuma ita ce ta fara yatsina fuska in an ba ta na waje. Sabuwar butar da muka saya har yau cikinta fes.

Amma wannan alƙalamin fa a yi hankali da shi. Mai shagon ya nuna min shi kamar shi ne likitan ruwa, wai in lamba ta yi ƙasa shikenan ruwa ya tsarkaka. Ba haka ba ne. Abin da yake aunawa kawai yadda ruwa ke ɗaukar lantarki, daga nan ya ƙiyasta yawan gishirin da ya narke a ciki, bai san ƙwayar cuta ba, bai san guba ba. Asenik misali, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce miligiram 0.01 a lita, wato ko ruwanka ya ninka wannan sau goma alƙalamin ba zai ko motsa ba. Fuloraid iyakarsa miligiram 1.5 a lita, sinadarin naitiret 50, ƙwayar cutar E. coli kuwa ko ɗaya ba a yarda a gani ba a cikin mililita 100. Duk waɗannan sai ɗakin gwaji. Ni sai daga baya na ɗebi kwalba biyu, na burtsatse da na injin, na aika birni aka gwada, na burtsatsen fuloraid ɗinsa ya wuce iyaka kamar yadda matar nan ta faɗa, na injin ya sauko ƙasa sosai. Da na san haka tun farko da gwajin zan fara yi kafin in sayi komai, dan wani ma ruwan nasa ba RO yake buƙata ba, ƙwayoyin cuta ne matsalarsa, tafasawa ko kulorin ya ishe shi.

Tunda na ambaci tafasawa, akwai wani kuskure da ni ma na jima ina yi. Tafasa ruwa na kashe ƙwayoyin cuta, ya tafasa sosai na minti ɗaya ya wadatar, amma ba ya cire fuloraid ko asenik ko naitiret, ƙara musu kauri ma yake tunda ruwa ne ke tashi a tururi su kuma suna nan zaune. Mai jariri da ake haɗa wa madara a kwalba ya kula da wannan ƙwarai, naitiret in ya yi yawa yana hana jinin jariri ɗaukar iska har leɓensa ya yi shuɗi, kuma sau da yawa daga masai ko garken dabbobi da ke kusa da rijiya yake tsatsowa.

Yanzu sai abin haushin, wanda shi ne ya sa na zauna rubuta wannan. Injin nan maɓarnacin ruwa ne na bugawa a jarida, kuma mai shagon ko da wasa bai faɗa min ba. Akwai wani siririn tiyo da ke fitar da ruwan da aka ƙi, wanda gishirin ya taru a cikinsa, mai haɗawar ya zura shi a magudana ya kama gabansa. Sati uku sai na ga tankin sama na ƙarewa da wuri, ina ta zargin yara da wasa da ruwa. Ran nan na zare tiyon na sa a jarka na zauna ina kallo, kafin injin ya ba ni lita ɗaya mai kyau ya zubar da wajen uku zuwa huɗu. A garin da ake bin layi da jarka! Inda ruwa ke yalwace wataƙila ba komai, amma a hamada wannan ai kamar ka huda aljihunka ne da kanka. Yanzu tara shi muke, ana goge ɗaki da shi, ana kora bayan gida, ana jiƙa wanki. Na gwada ba shukokin tsakar gida, ba su ji daɗi ba, ganyen ya fara ƙonewa daga baki, na daina.

Tara ruwan kuma ya zo da nasa haɗarin. Da farko a babban bokiti buɗaɗɗe muke tarawa, wata rana na shigo na tarar da autanmu mai shekara ɗaya da 'yan watanni ya dafa bakin bokitin yana leƙawa yana ɗaga ƙafa. Gabana ya faɗi. Yaro irin wannan nauyin kansa na rinjayar jikinsa, in ya kifa ciki ba zai iya fitowa ba kuma ba za ka ji ko kukansa ba, ruwa kaɗan ya isa. A ranar na koma jarka mai ƙaramin baki da murfi, bokitin na kife shi.

Sai yoyo. Mahaɗan tiyon na roba ne da ake turawa su kama, ɗaya ya riƙa ɗiga a hankali cikin kabad ba wanda ya lura. Wurin ya yi danshi da sanyi, kuma kowa ya san a busasshiyar ƙasa duk inda danshi yake ƙwari na taruwa, mai cin ƙwarin kuma na biye. Na miƙa hannu zan duba filta kawai wani abu ya ce min ɗauko tocila, ai kuwa ga kunama a lafe bayan ƙaramin tankin ta ɗaga ƙari. Tun daga ranar ba na sa hannu a wurin sai na haska. Abin da ya fi kunamar ba ni tsoro ma soket ɗin famfon, mai haɗawar ya bar shi a ƙasa daidai inda ruwan ke taruwa, sai da na kira mai gyaran wuta ya ɗaga shi sama jikin bango.

Filtan farko an ce min wata shida zai yi, namu bai cika wata biyu ba ya koma ja jawur, musamman bayan guguwar ƙura da ta zuba mana yashi a tankin sama dan murfin bai zauna daidai ba. In ya toshe ruwa sai ya koma ɗis-ɗis, famfon ya yi ta gurnani. Canzawar ba wuya, da ɗan sifanan roba da ya zo da shi ake kwancewa, samun filtan ne aiki, sai an je birni. Lambar da suka ba ni ta masu gyara kuwa ana ɗauka, ana ba ka haƙuri da ladabi, amma da sun ji nisan garin sai a ce za a kira ka. Har yau ina jira. Wani abin kuma, tankin da ke kan rufi da tsakar rana ruwansa zafi yake har ya ƙona hannu, ita kuma fatar nan ba ta son ruwan zafi, dan haka da asuba ko da dare nake barin injin ya cika, na kuma yi wa tankin rumfa.

Ruwan da ya fito daga injin babu kulorin mai kashe ƙwayoyin cuta a cikinsa, ko da akwai gawayin ya riga ya shanye, to in ka juye shi a ƙazamar jarka ko ana tsoma kofi da hannu ka koma gidan jiya. Mu jarka biyu muka ware masa masu murfi, ba a zuba komai ciki sai shi.

In maki zan bayar, uku cikin biyar. Ruwan sha da girki kaɗai muke tacewa yanzu, wajen lita 20 a rana, sauran hidima na burtsatse ne da wanda injin ya ƙi. Haƙoran babbar sun riga sun yi tabo, an ce ba ya fita da buroshi sai dai likitan haƙori ya gyara, na ƙannenta nake sa wa ido yanzu. Na kuma ji akwai wata ƙirar da ba ta zubar da ruwa da yawa haka, in wani mai karatu yana da ita ya ɗan auna da jarka ya faɗa min gaskiyar abin da ya gani kafin in sake kashe kuɗina.