Fenti da kayan tsufar da tankar roba: abin da ya cancanci oda da abin da ke kasuwar Bauchi

Wanda ya gama harhaɗa ƙaramar tankar roba, yana son dasa ta a kan allo tare da sojoji da ramuka da taɓo, wato diyorama, zai tarar kuɗin fenti na iya zarce kuɗin tankar kanta. Kamfanonin Sifaniya irin su Vallejo da AK Interactive da Ammo sun ware wa kowane abu kwalbarsa: ta tsatsa daban, ta ƙura daban, ta tsiyayar mai daban. Mu a Bauchi kuwa irin waɗannan sai an yi oda. Shawararmu ita ce a zuba kuɗi a kan abin da ke kwanciya a jikin robar, wato shimfiɗa (fentin farko da ke kama robar) da launin asali da banish. Dattin da za a ɗora a kai, yawancinsa yana kasuwannin Wunti da Muda Lawal, wani ma yana tsakar gidanka.

Girman samfurin shi ke fara yanke hukunci. Tankar Sherman mai tsawon kusan mita 6 tana komawa santimita 17 a ma'aunin 1/35, soja kuma santimita 5. A 1/72 tankar wajen santimita 8 ce, kuma burushi kaɗai ya ishe ta. A 1/35 faffaɗan jiki yana tona sawun burushi, sai an yi haƙuri ko an yi feshi. A kowane girma, launin da ya dace da tankar gaskiya yakan fito da duhu a ƙaramin jiki, don haka a ɗiga ɗigo 1 na launi mai haske, kamar XF-57 Buff na Tamiya, a cikin ɗigo 8 zuwa 10 na launin asali.

Fenti iri uku, da yadda yanayinmu ke yi da su

Akirilik na ruwa, irin Vallejo Model Color mai kwalbar mil 17 ko 18, shi ne ya fi dacewa da mai burushi. Ba shi da wari, da ruwa ake wanke shi, kuma ya fi sauƙin shigowa, domin fenti mai kama wuta masu jigilar jirgin sama sukan ƙi ɗaukarsa. Rauninsa biyu ne. A kan roba tsirara farce ma yana ɓare shi, sai da shimfiɗa. Na biyu, hunturu abokin gabarsa ne: daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska ta bushe ƙarƙaf, fenti yana daskarewa a bakin burushi kafin ya kai jikin tanka. Maganin wannan ba sai an saya ba. A sami ɗan mazubi mai murfi, a shimfiɗa jiƙaƙƙen soso, a ɗora takardar gashin kek a kai, a ɗiga fenti a kanta. Zai yi awanni bai bushe ba. A sirka da tataccen ruwa, domin ruwan rijiya da na bohol sukan bar farin zobe idan sun bushe. Wanda zai sayi tataccen ruwan a wurin masu batir ya tabbatar ba mai asid aka ba shi ba.

Akirilik na Tamiya, mai kwalbar mil 10, sunansa kawai ya haɗa su da na Vallejo. Shi da sifirit a cikinsa, ana sirka shi da tinarsa mai lamba X-20A, kuma a feshi da wuya a sami wanda ya fi shi kwanciya lumui. A burushi kuwa yana ba da wahala, shafa ta biyu tana ɗago ta farko. Kada a kuskura a zuba sifirit a Vallejo don an ga yana yi wa Tamiya aiki. Zai dunƙule ya toshe bindigar feshi.

Iri na biyu, wato inamel, irin Humbrol da Revell masu gwangwanin mil 14, yana bin burushi da kyau, ya baje ya shafe sawu, kuma idan ya kama ya kama. Amma yana buƙatar aƙalla awa 6 kafin shafa ta biyu, da kwana guda ko fiye kafin ya ƙarasa bushewa, kuma a wannan tsakanin duk ƙurar da ke yawo a ɗaki a jikinsa za ta sauka. Mai amfani da shi a hunturu lallai ya kifa wa samfurin babbar roba mai tsabta da zarar ya ajiye burushi. Akwai kuma babbar matsala: tinar da za a yi aikin datti da ita daga baya ita ce ke narkar da shi. Shi ya sa ba ma ba da shawarar a yi launin asali da inamel.

Na uku shi ne fentin tina mai zafi, irin Mr. Color da jerin LP na Tamiya. Ya fi kowanne ƙarfi da santsi, yana bushewa cikin mintoci, ƙura ba ta samun damar manne masa. Sai dai na feshi ne kawai, warinsa yana cutar da huhu, yana buƙatar takunkumi mai matatar gawayi ba na ƙyalle ba, kuma ba a yi kusa da wuta ko janareta. A Agusta, lokacin da damina ta kankama, yakan yi farin hazo saboda danshi. Tinar masu fentin mota tana wanke bindiga tsaf, amma ɗigonta ɗaya a jikin samfuri zai cinye robar.

Ga wanda zai sayi iri ɗaya: mai burushi ya ɗauki Vallejo, mai feshi ya ɗauki Tamiya. Kwalba 6 zuwa 8 sun isa aikin farko. Akwatin launi 70 ɓarnar kuɗi ne, rabinsu za su yi kauri a zafin Maris da Afrilu ba a buɗe su ba.

Shimfiɗa, wadda masu fentin mota ke kira faraima, ba a yi mata rowa. Gwangwanin Tamiya Surface Primer ko Mr. Surfacer 1200 yana kama roba ba tare da ya binne ƙananan kusoshi da layin walda ba. Faraimar mota ta gwangwani ta fi araha kuma tana kasuwa, amma tana da kauri da zafi. A gwada ta a kan cokalin roba ko ragowar sandunan da aka cire sassan, a fesa daga nisan santimita 25, hannu na tafiya, sau biyu sama-sama. Kafin nan a wanke samfurin da ruwan sabulun wanke kwano, don maiƙon hannu yana hana fenti zama. A tsakar rana ta bazara feshi yana bushewa a iska ya sauka kamar yashi. A yi da sassafe.

Bindigar feshi, a saya ko a jira?

Ƙaramar bindiga mai baki 0.3 milimita, mai maɓallin da ke sarrafa iska da fenti lokaci guda, ta wadatar da duk aikin tanka. Irin wadda masu kek da masu kwalliya ke amfani da ita tana iya shafa launi ɗaya, amma ɗan injinta ba ya riƙe iska daidai, siririn layi ba zai fito ba. Idan za a sayi kwamfaresa, a ɗauki mai tankin lita 3 da matarar ruwa: tankin yana daidaita iska, yana kuma ba ka ɗan lokacin ƙarasa shafa idan an ɗauke wuta, matarar kuma ita ke hana bindiga tofa ruwa a damina. A fesa Tamiya da ƙarfin iska psi 15 zuwa 20 a agogon kwamfaresa, fenti kashi 1, tina kashi 1 zuwa 2. Wanda zai yi motar launi ɗaya, kamar kore na Amurka XF-62, zai iya jinkirta wannan saye: faffaɗan burushi mai laushi, fenti tsararo, shafa 3 ko 4. Amma tankokin Jamus na bayan Fabrairun 1943, masu rawaya mai duhu da dabbaren kore da ja-ja masu laushin baki, sai da feshi suke yin kyau.

Bayan launi sai banish mai sheƙi, kamar X-22 na Tamiya, kafin a manna sitika ta ruwa, wato tambura da lambobin jikin tanka. A kan fenti maras sheƙi iska tana maƙalewa ƙarƙashin sitika, gefenta ya yi fari. Banish ɗin kafinta bai dace ba, yana da kauri kuma yana rawaya.

Inda za a rage kashe kuɗi

Ƙa'ida ɗaya ce ke riƙe da aikin tsufarwa: abin da ke sama kada tinarsa ta narkar da abin da ke ƙasa. Akirilik a ƙasa, a bar shi awa 24, sannan fentin mai a sama.

Kwalaben ruwan datti da aka riga aka haɗa suna da kyau, launinsu ba ya sauyawa daga aiki zuwa aiki, amma bututu 4 na fentin mai na masu zane suna yin aikin kwalba goma: Burnt Umber, Yellow Ochre, baƙi da fari. Wanda ke son tsatsa ya ƙara Burnt Sienna. Muna nufin na bututu, ba fentin mai na ƙofa da taga ba. A matsa kaɗan a kan kwali, a bar shi awa 2 ya tsotse man, in ba haka ba zai yi ƙyalli ya kuma daɗe bai bushe ba. A sirka kashi 1 da kashi 10 na farar tina, wadda ake rubuta White Spirit a jikinta, har ya yi kalar shayi ba madara. Da siririn burushi a taɓa gindin kusoshi da layukan ƙofofi, ruwan zai bi lungu da kansa. Bayan minti 15 a goge abin da ya wuce gona da iri da burushi mai ɗan danshin tina. Kada a yi wa samfurin wanka: tina mai yawa tana raunana gam, sarƙar tanka da aka manne ɗaiɗai ta warwatse. Kananzir ba madadi ba ne, yana barin maiƙo, fetur kuwa yana cin roba.

Ƙwarzanen fenti soso ya ishe shi. A yago ɗan guntu daga soson kwali, a tsoma a Vallejo 70.822, ruwan ƙasa mai duhu sosai, a goge kusan duka a takarda, a dangwala a gefunan ƙofa da inda takalmi ke takawa. Fensir 4B a bakin sarƙa da kan bindiga yana ba da ƙyallin ƙarfen da ya goge. A nan ne aka fi wuce iyaka. Tankar yaƙin duniya na biyu sau da yawa ba ta daɗe a fagen daga, ƙura da taɓo ne suka fi yawa a jikinta, tsatsa kuwa sai a salansa da sarƙar ajiya. Wanda kuma ke yin ƙaramar tanka Scorpion, irin wadda sojojin Nijeriya suka yi amfani da ita, ya tuna jikinta alminiyam ne, ba ya tsatsa. Mazauna Bauchi suna da gata a nan, garin da makarantar sojojin sulke take: duk wanda ya taɓa ganin motar soja ta dawo daga daji ya san ƙura a ƙasa take taruwa, tana raguwa yayin da aka hau sama.

Garin launi na kwalba ya fi allin zane kamawa, domin launi ne tsantsa. Allin fastel mai laushi, ba mai maiƙo ba, idan aka goga shi a sanfefa yana ba da gari mai kyau, sai dai banish yana dusar da shi, don haka a sa shi a ƙarshe, a kafe shi da ɗigon farar tina. Burushin hoda na kwalliya ya fi kowanne iya baza shi. Taɓo kuwa a haɗa: ƙasa cokali 2, garin POP cokali 1, farin gam irin Top Bond rabin cokali, ruwa kaɗan, da ɗigon fenti. A tankaɗe ƙasar da rariya mai laushi, a soya ta a tsohon kasko minti 10 don kada ta yi fumfuna a damina. Rairayin kogi ya yi girma. A 1/35 ƙwayar milimita 1 dutse ce mai santimita 3 da rabi.

Launin ƙasar ya bi wurin yaƙin. Jar ƙasarmu ba ta dace da Faransa ta 1944 ba, can sai ruwan ƙasa mai duhu. Wanda bai zaɓi fage ba tukuna, muna roƙonsa ya duba yaƙin Bama, wato Burma, ƙasar Myanmar ta yau. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, cike da 'yan Arewa, sun yi yaƙi a kwarin Kaladan da yankin Arakan a 1944 da 1945, har suka kama Myohaung a Janairun 1945. Daji ne da tsaunuka, kaya a ka ake ɗauka ko jirgi ya jefo, don haka jif ɗaya ta Willys da sojoji 4 ko 5 sun isa cika allo. Kayan sayen ma kaɗan ne: kore mai duhu, kakin daji, taɓo. Abin lura shi ne akwatunan launin fata da ake sayarwa yawancinsu na fatar Turawa ne. Don fatar kakanninmu a sayi 70.872 Chocolate Brown a matsayin asali, a zurfafa inuwa da 70.822, a haskaka goshi da hanci da kumatu da ɗigon 70.981 Orange Brown. Idan aka haskaka da fari fuskar za ta yi toka-toka.

Allon kansa katako ne mai kaurin santimita 1 ko fiye, a shafe shi da banish gaba da baya don kada danshin POP ya lanƙwasa shi. Tudu da kwari a sassaƙa su da farin soson kwalin firji, a manna da farin gam kawai. Sufa gulu da fentin gwangwani suna narkar da shi, sai an lulluɓe shi da POP tukuna. Zaren igiyar rama da aka yanka santimita 1 zuwa 2 yana ba da ciyawa, busassun saiwoyi suna ba da itace. A danna sarƙar tankar cikin taɓon tun yana ɗanye, da ledar abinci a tsakani, don ta nutse kamar mai nauyin tan 30, a kuma shafa wa takalman sojoji garin da aka sa a ƙasa. A cikin kasafin kuɗi a ware na murfin gilashi, mai yankan gilashin taga zai haɗa shi da silikon. Ƙurar hunturu ɗaya idan ta shiga ciyawa da taɓo ba ta goguwa.