Zabbix ko PRTG don sa ido kan netwok?

Ɗan'uwa, in tsakanin waɗannan biyun ne, ɗauki Zabbix.

Kyauta ce, kuma ba ta ƙirga maka na'urori. Ka ɗora ta kan sabar Linux, ka kunna SNMP, wato ƙa'idar da ake tambayar na'urori halin da suke ciki da ita, a suwic da rawuta. Ta tashar UDP mai lamba 161 take tambayarsu, su kuma su turo ƙorafinsu ta 162. Da ka liƙa samfurin da ya dace da na'urar, ita da kanta za ta zaƙulo kowace kafa ta fara zana yawan bayanan da ke wucewa. Inda ta fi daɗi shi ne jeranta ƙararrawa: ka nuna mata suwic goma suna bayan rawuta ɗaya, ran da rawutar ta mutu saƙo ɗaya za ka samu, ba goma sha ɗaya ba. Reshen da ke nesa kuma a ajiye masa wakilinta (Zabbix proxy), ya ci gaba da tattarawa ko layi ya yanke, ya turo bayan ya dawo.

Abu biyu ke kayar da mutane a nan. Ma'aunin SNMP mai bit 32 yana cika ya koma sifili cikin kusan daƙiƙa 34 a layin gigabit 1 da ya cika, sai jadawalinka ya riƙa ƙarya. Yi amfani da mai bit 64, wanda SNMPv1, sigar SNMP ta farko, ba ta da shi. Gara ma v3, domin v2c a fili take aika kalmar sirri. Na biyu rumbun bayanai: in ba ka taƙaita kwanakin da ake ajiye tarihi ba, zai cinye faifan.

PRTG kuwa, to, tana da sauƙin ɗorawa a Windows, kuma tana karanta NetFlow, rahoton wa ke aika wa wa bayanai a netwok, abin da Zabbix ba ta yi da kanta. Sai dai kyautarta sensa 100 ce, wato abubuwa 100 da za ta auna, kowace kafa sensa ɗaya. Suwic biyu masu kafa 48 sun kusa ƙarar da ita, daga nan sai lasisi.

Ko wacce ka ɗauka, aikinta ta gaya maka abin da ya lalace da abin da ke jan ƙafa. Ba za ta gyara ba. Haɗa ta da Oxidized mai adana saitin na'urori, don ka ga abin da aka taɓa kafin matsala, da NetBox don lissafin kaya da adireshi. Daidaita agogon komai da NTP, ƙa'idar saita lokaci ta netwok, in ba haka ba lokutan rahotanni ba za su haɗu ba. A kuma rubuta wanda ƙararrawa za ta tasa da dare.

Ka yi hattara da masu kawo PRTG da lasisin sata, da masu karɓar "kuɗin lasisin" Zabbix. A Zabbix kuɗin aiki kaɗai za ka biya, kuma kada mai ɗorawa ya tafi bai miƙa maka kalmar sirrin babban asusu ba.