STRATOS Explore: allon da ke sa tafin hannu ya ji hoton da ke shawagi a iska

Duk wanda ya sanya tabarau irin su HoloLens 2 na kamfanin Microsoft, masu ɗora hoton kwamfuta a kan abin da ido ke gani a zahiri, ya san inda gizo ke saƙar: maɓalli na tsaye a gabanka, ka miƙa yatsa ka danna, amma fata ba ta shaida maka cewa ka taɓa komai ba. Wannan giɓi ne allon STRATOS Explore yake ƙoƙarin cikewa. Kamfanin da ya ƙera shi, Ultrahaptics, ya samo asali daga Jami'ar Bristol ta Ingila a 2013, ya kuma haɗe da Leap Motion, kamfani mai ƙera kyamarar bin motsin hannu, a 2019 ya koma Ultraleap.

Allon na ɗauke da ƙananan lasifika 256 masu fitar da sautin da ke kaɗawa sau 40,000 a daƙiƙa, wanda kunnen ɗan Adam ba ya iya ji. Kyamara tana bin motsin hannu, sai na'urar ta daidaita lokacin fitar sautin kowace lasifika ta yadda duk za su haɗu a wuri guda a kan fata, a nan ne mutum ke jin wani ɗan matsi mai karkarwa, kamar ana hura masa iska ta siririn tsinke. Ba a sa safar hannu, ba a riƙe komai, kuma a ganina wannan ne babban abin yabonsa, musamman a wurin baje koli inda hannaye da yawa ke bi ta kan na'ura ɗaya.

Sai dai dole a faɗi iyakarsa. Yana iya zana da'ira ko layi a tafin hannu, ya kuma tabbatar maka cewa maɓalli ya dannu, amma ba zai iya tsayar da yatsa ba. Hannu yana ratsa hoton kofi ya wuce, ba nauyi, ba tauri. Tafin hannu da kan yatsu ne suka fi jin sa, bayan hannu kuwa kaɗan ne, sannan tilas hannun ya kasance a saman allon.

Ga mai tsara maɓallan na'ura ko mai bincike a jami'a, kayan aiki ne mai amfani. Wanda kuwa ke son koya wa ɗalibi riƙon wuƙar tiyata zai fi samun biyan buƙata a safar hannu mai riƙe yatsu irin ta kamfanin SenseGlove ko HaptX.