Shekara guda da ThinkPad T480 a shagon buga takardu a Maraɗi

Sana'ata buga takardu ce, kuma yawancin masu kawo mini aiki ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ne da ƴan kasuwar da ke son a tsara musu takardun lissafi. Na daɗe ina aiki da kwamfutar tebur wadda na saya ta hannu, ban taɓa damuwa da akwatin wutar da ke cikinta ba, wanda masu gyara ke kira alimantasiyo, sai wata ranar bazara da wuta ta ɗauke ta dawo da ƙarfi, akwatin ya ƙone, ya kuma tafi da faifan ajiya mai ɗauke da kundin wata ɗaliba da saura kwanaki kaɗan ta miƙa. Da mai gyara ya kwance shi ya ɗora mini a hannu, sai na ji ba shi da nauyin a zo a gani, alhali an rubuta wat 500 a jikinsa. Ya ce mini: "Malam, wannan rubutu ne kawai, cikinsa babu abin da zai tare wuta idan ta yi tsalle."

Daga ranar na gane cewa a garinmu zaɓen kwamfuta daga wutar lantarki yake farawa. Wutarmu ta bolt 220 ce, amma a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kowa ya kunna fanka da firji, takan yi ƙasa ko ta ɗauke sau da yawa a wuni. Wanda ya zauna a nan bayan Agustan 2023, lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, ya san yadda aiki ke tsayawa cak.

Abin da ya sa na koma kwamfutar tafi-da-gidanka ke nan, na sayi Lenovo ThinkPad T480 ta hannu, wadda aka fara fitarwa a 2018. Abin da ya fi ja na gare ta shi ne batir biyu da take da su, ɗaya a ciki, ɗaya a baya wanda ake iya cirewa a sa wani ba tare da an kashe ta ba. Yanzu idan wuta ta ɗauke ina tsakiyar shafi, hasken fuskarta ne kawai ke ɗan raguwa, ni kuwa in ci gaba da bugu. Cajarta ta wat 65 ce, tana karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, saboda haka raguwar wutar da ke sa kwamfutar tebur ta mutu ta sake tashi ba ta hana ta aiki, kuma ƙaramin faifan sola da batirinsa sun isa su riƙe ta, abin da tsohuwar kwamfutata da allonta ba za su yarda da shi ba.

Tawa tana ɗauke da Core i5 (wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aikin kwamfuta) na ƙarni na 8, wanda Windows 11 ke karɓa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne tun da aka daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025. Ina jan hankalin masu saye a kan haka, domin kasuwa cike take da na ƙarni na 6 da na 7 masu kyan gani da araha, alhali yawancinsu Windows 11 ba ta karɓarsu. Tawa tana da gurbi biyu na RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, na ƙara mata ta kai giga 16, na kuma sa mata faifan ajiya irin SSD, wanda ba shi da abin da ke juyawa a ciki balle girgizar babur ta lalata shi.

Akwai abin da sai da na saba da shi. Kwamfutocin da ke shigowa ta Kano da Katsina madannansu tsarin QWERTY ne, wato jerin haruffa na Turanci, mu kuwa da AZERTY na Faransanci muka koyi bugu, kuma kusan duk aikina da Faransanci ne mai haruffa masu alama a kai. Na warware wannan da madannai na waje, wanda na haɗa da tsohon allona, domin fuska mai inci 14 takan gajiyar da ido idan mutum zai wuni yana duba jadawalin lissafi. Batirin baya ma na same shi ya riga ya sha aiki, kamar yadda aka saba da kayan hannu, don haka duk mai saye ya nemi a cire caja a gabansa ya ga yadda batirin ke sauka kafin ya biya. A hunturu kuma ƙura na toshe mashigar iskar fankarta, sai an riƙa hure ta.

Ban ce kwamfutar tebur ba ta da amfani ba. Ga mai haɗa bidiyo ko zanen gini ta fi ƙarfi a kuɗi ɗaya, ta fi jure zafi, kuma kowane sashe nata ana iya canja shi a nan gida. Sai dai lissafin kuɗinta bai cika ba sai an haɗa da akwatin wuta na ƙwarai, irin mai shaidar 80 Plus wadda ke nuna aƙalla kashi 80 cikin ɗari na wutar da ya ja na isa ga na'ura, da regilatar mai daidaita ƙarfin wuta, da kuma ondular, na'ura mai batir da ke riƙe kwamfuta idan wuta ta ɗauke. Ƙaramar ondular mai VA 650 batirinta ɗaya ne na bolt 12, mintuna kaɗan take bayarwa don a adana aiki a kashe, kuma ba a jona mata firinta mai leza saboda yawan wutar da take ja lokacin ɗumama. Na gyara tsohuwar kwamfutar da sabon akwatin wuta, ƙanena na amfani da ita idan akwai wuta, ni kuma ina tara kuɗin babban batirin T480, mai wat-awa 72, kafin bazara mai zuwa.