Kwana biyu a ajin haɗa Chapman da moktel: abin da na ƙaru da shi, da abin da ya ɓata min rai

Shekara huɗu ke nan ina yin zoɓo da kunun aya da lemun citta na biki da suna a Kaduna. Tun bara kwastomomi suka ishe ni da tambayar ko ina yin Chapman da moktel, wato haɗe-haɗen lemun kwalba da kayan itatuwa da ba a sa musu barasa, har wata uwar amarya ta janye odarta don na ce ban iya ba. Da na ga tallar wani aji na kwana biyu a Abuja, sai na rufe ido na biya, duk da kuɗin ya ɗan ciza.

Mu goma sha huɗu ne, kusan duk mata. Mai koyarwar ya daɗe yana aiki a otal-otal, kuma hannunsa ya faɗa. Na zaci awo kawai za a ba mu mu kwafa, ashe da tarihi zai fara. Ya ce a 1806 wata jarida a garin Hudson na jihar New York ta amsa wa wani mai karatu da ya tambayi ma'anar koktel: barasa, sukari, ruwa da ruwan ɗaci. Nan take ya ce mu ajiye barasar gefe, mu dubi sauran, domin su ne ginshiƙin kowane haɗi. Ya kawo awon da mutanen Barbados ke bi tun da: ɗaya na tsami, biyu na zaƙi, uku na mai ƙarfi, huɗu na ruwa. Na gwada da lemun tsami da ruwan sukari, na sa zoɓo mai kauri a gurbin mai ƙarfin, na cika da soda da ƙanƙara. Kurɓar farko na gane dalilin da lemuna ke ginsar mutane kafin su shanye kofi: zaƙi nake zubawa ba tare da abin da zai tare shi ba. Wannan darasin kaɗai ya biya kuɗina.

Labarin tonik, lemun kwalbar nan mai ɗaci-ɗaci, ya fi komai kama ni. Ɗacin nan da ke cikinsa na kwinin ne, maganin zazzaɓin cizon sauro da ake samu daga ɓawon itacen sinkona na Kudancin Amurka. Turawan Ingila da ke Indiya ba su iya shan sa haka nan ba, suka riƙa haɗa shi da sukari da soda da barasar jin, daga nan haɗin jin da tonik ya samo asali. Kuma kwinin ɗin nan ya shafe mu. A 1854 Dokta William Baikie ya hau kogin Kwara da Binuwai a jirgin ruwa mai suna Pleiad, yana ba mutanensa kwinin kullum, suka koma ba wanda zazzaɓi ya kashe. Daga baya ya zauna a Lokoja. Ban taɓa tsammanin kwalbar da nake gani a firjin shago tana da alaƙa da yadda Turawa suka samu hanyar shigowa ƙasarmu ba.

Rana ta biyu aka zo kan Chapman, wanda aka fi cewa a Ikoyi Club ta Legas aka fara haɗa shi. Babban kofi mai mariƙi, ƙanƙara har wuya, Fanta da Sprite, jan ruwan girenadin wanda asalinsa daga rumman ake yi, yankan kokwamba da lemun zaƙi da lemun tsami. Sai ya ɗauko wata 'yar kwalba mai rawayan murfi, takardar jikinta ta fi ta tsawo har ta yi toroƙo a wuya, ya ɗiga sau uku. Ruwan ɗaci na Angostura ke nan. Ya ba mu tarihinta tiryan-tiryan: wani likita Bajamushe, Johann Siegert, da ke aiki da sojojin Simon Bolivar, jagoran yaƙin neman 'yanci a Kudancin Amurka, shi ya haɗa ta a 1824 a garin Angostura na Benezuwela a matsayin maganin ciki, 'ya'yansa suka mayar da sana'ar Tirinidad a 1875. Muka ɗanɗana, ƙamshin kamar an jiƙa kanumfari da kirfa da saiwoyi.

Da kwalbar ta zagayo hannuna na juya ta, sai idona ya sauka kan 44.7%. Gabana ya faɗi.

Na ce, "Malam, wannan ai barasa ce a ciki."

Ya ce, "Hajiya, ɗigo uku ne kawai a cikin kofi guda, ko'ina haka ake yi."

Hukuncin ɗigo uku na malamai ne, ni ba mai fatawa ba ce. Abin da ya dame ni shi ne an tallata ajin da sunan haɗin da babu barasa, mafi yawanmu Musulmi ne, kuma sai da muka sha sannan muka sani. Kamfanin bai ɓoye komai ba, ya rubuta ɓaro-ɓaro a jikin kwalba. Mai ajin ne ya kamata ya faɗa tun kafin ya buɗe murfi, kowa ya zaɓa wa kansa. Mutumin da ya san shekarar 1824 da sunan likita bai rasa sanin wannan ba. Ya ba da haƙuri, na yaba masa a kan haka, amma wata 'yar Zariya da ke kusa da ni ba ta ƙara taɓa kofinta ba har aka tashi.

Sauran ƙorafina ƙanana ne. Ba a koya mana lissafin kuɗin kaya da riba ba, kuma duk awon na kofi ɗaya ne, alhali mu a jarka muke haɗawa.

Da na dawo gida na tafasa ɓawon lemun zaƙi har da farin cikinsa, da kanumfari da kirfa da busasshiyar citta, na bar shi ya kwana, na tace. Cokali ɗaya a kofi, da ɗan tonik a sama. Launinsa bai kai na Angostura duhu ba, ƙamshin ma bai kai ba, amma ɗacin ya tare zaƙin yadda ake so. Da shi na yi wa wani sunan Unguwar Rimi kofi tamanin makon jiya, kuma na gaya wa mai jego duk abin da ke ciki kafin ta biya. Wadda za ta je irin wannan aji ta je, za ta ƙaru, amma ta karɓi kowace kwalba ta karanta da idonta kafin a zuba mata.